Canza furosesa zai gyara min wasan intanet kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Samaru. Ina da kwamfutar tebur ta hannu, irin ta ofis ɗin nan, furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i5-4570 ce, RAM ɗinta 8GB, na kuma sa mata katin hoto GTX 1050 Ti. Da MiFi nake shiga intanet. Ina buga Counter-Strike 2 da eFootball, wani lokacin har da PUBG na waya a kan kwamfutar. Matsalata ita ce wasan yana hukin, wato yana tsayawa yana jinkiri, musamman da daddare. Sai in harbi mutum ya ƙi mutuwa, ni kuma a kashe ni bayan na riga na shige bayan bango. Wani mai gyara ya ce in sa furosesa i7 komai zai daidaita. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ka kira hukin cuta biyu ce masu kama da juna a ido, amma maganinsu daban, kuma guda ɗaya kawai i7 ke taɓawa. Daga bayaninka, wadda ta fi addabarka ita ce wadda furosesa ba ta da ta cewa a kanta. Kai da kanka ka tona asirin da ka ce "da daddare". Furosesa ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. In ma da bambanci, da tsakar rana ya kamata ta fi shan wahala saboda zafi. Abin da ke canzawa bayan isha'i shi ne yawan mutanen da suka hau turken sabis ɗin da kake sha daga gare shi. A unguwar ɗalibai irin Samaru, lokacin ne kowa ya dawo ɗaki ya buɗe TikTok da YouTube.

Lambobi biyu ne ke riƙe da kowane wasan intanet. Ta farko FPS, wato hoto nawa kwamfutarka ke zanawa a cikin sakan ɗaya. Wannan aikin cikin gida ne: furosesa ta lissafa inda kowa yake, ina harsashi ya nufa, wane sauti za a ji, sannan ta miƙa wa katin hoto ya zana. In kana samun hoto 30 a sakan, kowane hoto yana cin milisakan 33 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). In 60 ne, milisakan 16.7. In 144 ne, kusan 7. Lamba ta biyu ita ce ping, wato tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya tashi daga ɗakinka ya isa sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo. Wannan kuwa aikin hanya ne, kuma hanyar tana da nisa.

Bari mu auna ta. Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan, ka ga kowane kilomita 100 yana cin milisakan ɗaya zuwa da dawowa. Daga Zariya zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka fito, ya haura kilomita 800. Ka rubuta milisakan 8. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne. Ka ƙara 70. Daga Fotugal zuwa Jamus ko Ingila, inda yawancin sabobin Turai suke, akwai wasu kilomita kusan 2,000. Ka ƙara 20. Mun doshi milisakan 100 ke nan, alhali ba mu sa jinkirin iska tsakanin MiFi da turke ba, ba mu sa na'urorin da saƙon zai ratsa a hanya ba, ba mu sa cunkoso ba. Ko furosesar da ta fi kowace tsada a duniya ka sa, wannan ɗarin yana nan daram, domin ba a cikin akwatin kwamfutarka yake ba, a ƙarƙashin teku yake. Wanda bai yarda ba ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin WACS da ACE da MainOne da SAT-3 suka samu matsala a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Ranar, mai i9 da mai Pentium duk tare suka zuba tagumi.

Wannan nisan ne ke sa a kashe ka a bayan bango. Saba ce alƙali, ba allonka ba. A lokacin da kai ka ga ka shige, labarin shigewarka yana kan hanya, abokin karawarka kuwa yana ganinka a fili, sai ya harba. Sabar ta duba abin da ya gani a allonsa a daidai wannan lokacin, ta ce harbinsa ya yi. Idan shi yana Jamus da ping 15, kai kana Samaru da 160, kullum zai riga ka kai ƙara gaban alƙali. Haka ma a eFootball: ka danna fasin, ɗan wasan ya yi kamar yana shawara kafin ya buga. Wasan ƙwallo ba ya wahalar da furosesa kamar Counter-Strike, saboda haka wannan nauyin da kake ji a yatsa kusan kullum daga layi yake.

Ping mai yawa amma tsayayye ana iya sabawa da shi, hannu yakan koyi riga harbi. Abin da ba a sabawa da shi shi ne ping mai rawa, yanzu 130, an jima 400, ya dawo 150, da kuma zubewar saƙo a hanya. Su ne ke sa ka ga mutum ya ɓace ya bayyana a wani wuri, ko ka yi gudu gaba a fizgo ka baya kamar an ɗaure ka da roba. Kuma kada lambar gwajin gudun intanet ta ruɗe ka. Wasa ba ya shan data da yawa yayin da ake buga shi, yawanci bai kai megabit ɗaya a sakan ba. Layi mai megabit 5 tsayayye ya fi mai 60 da ke rawa. Faɗin titi daban, tsawon tafiya daban.

To, ba a ce furosesa ba ta da hannu ko kaɗan ba. Daga lokacin da ka danna linzami zuwa lokacin da ka ga wuta ta fita a bakin bindiga akwai jinkiri na cikin kwamfuta, kuma shi FPS ne ke yanke shi. Wanda ya tashi daga hoto 30 zuwa 100 a sakan ya rage kusan milisakan 23 a kowane hoto, kuma hannu yana jin wannan. Sannan in furosesa ta cika maƙil, wasan yakan yi in'ina: ya tafi sumul, ya tsaya ƙyas na ƙiftawar ido, ya ci gaba. An fi ganin haka idan an jefa gurneti mai hayaƙi ko mutane da yawa sun haɗu wuri guda. Wasannin intanet sun fi wasan kai kaɗai dogaro da furosesa, saboda ita ke bin sawun kowane ɗan wasa, ga manhajar hana maguɗi, ga Discord a gefe in kana hira da abokai. Counter-Strike 2, wanda ya fito a Satumbar 2023, ya fi tsohon CS:GO nauyi nesa ba kusa ba, kuma furosesa mai ƙwaya huɗu zare huɗu irin taka (ƙwaya ita ce sashen da ke lissafi a cikin furosesa, zare kuma layin aikin da take ɗauka a lokaci guda) tana kan mafi ƙarancin yawan zaren da Valve, kamfanin da ya yi wasan, ta gindaya. Saboda haka mai gyaran nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ya dai ba da magani ne kafin awo.

Ga awon, kuma ko sisi ba za ka kashe ba. Ka fara da layi. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Rubuta ipconfig, ka nemi lambar da ke gaban Default Gateway. A MiFi yawanci 192.168.0.1 ce ko 192.168.8.1. Sai ka rubuta ping -n 100 ka bi shi da wannan lambar. Tazarar da ke tsakanin kwamfutarka da MiFi kawai kake aunawa a nan. Ya kamata ka ga milisakan 1 zuwa 5, ba tare da ko ɗaya ya ɓata ba. In ka ga yana tsalle zuwa 50 ko 200, to matsalar tana cikin ɗakinka, Wi-Fi ne. Bayan nan ka auna hanyar waje da adireshin wata sabar Google: ka rubuta ping -n 100 8.8.8.8. In ya gama zai nuna maka Minimum da Maximum da Average da kuma adadin da suka ɓata. Ka yi wannan sau biyu, bayan sallar asuba da kuma ƙarfe tara na dare, ka rubuta a takarda. Tazarar da ke tsakanin Minimum da Maximum ita ce abin dubawa, ba matsakaicin ba. In da asuba tazarar 'yar kaɗan ce, da dare kuma ta kai ɗaruruwa, ga saƙo biyu ko uku cikin ɗari sun zube, shari'a ta ƙare: cunkoson turke ne. Sai dai ka sani 8.8.8.8 ta fi sabar wasanka kusa, don haka lambarta za ta yi ƙasa da wadda kake gani a wasa. Rawar muke nema, ba girman lambar ba.

Sai awon kwamfuta. Ka sauke manhajar awo ta MSI Afterburner, yana zuwa tare da RivaTuner. A cikin saitinsa ka kunna nuna FPS, da tsawon lokacin kowane hoto, da aikin katin hoto, da aikin kowace ƙwayar furosesa ɗaya bayan ɗaya, da zafinsu, da RAM. Ka kashe V-Sync, saitin da ke ɗaure FPS da gudun allo, ka cire duk wata iyaka da aka sa wa FPS, sannan ka shiga wasa na gaske, wanda ke da mutane. Ka lura da aikin katin hoto. In yana zaune a kashi 97 zuwa 100, shi ne ya ƙure, furosesa jiransa take yi, kuma sabuwar furosesa ma jiran za ta zo ta yi. In kuwa yana lilo a kashi 50 ko 70 alhali FPS ɗinka ƙasa yake, to katin ne ke zaman jiran aiki, laifin na furosesa ne ko RAM. Domin ka tabbatar, ka sauke girman hoton daga 1920x1080 zuwa 1280x720. Ka rage wa katin fiye da rabin aikinsa ke nan, furosesa kuwa ba ka rage mata komai ba. In FPS ya yi tsalle sama, kati ne. In ya tsaya inda yake, furosesa ce. A duk gwaje-gwajen nan babu wanda ya kai wannan faɗin gaskiya.

Tarko biyu a nan. Na farko, jimillar kason da Task Manager ke nunawa yana yaudara. Wasa yakan jibga babban aikinsa a kan zare ɗaya; a furosesa mai zare takwas, wannan zaren zai iya ƙurewa amma jimillar ta nuna kashi 13 kacal. Ka danna dama a kan zanen, ka zaɓi Logical processors, ka ga kowanne daban. Na biyu, kada ka yi awon da 'yan wasan kwamfuta ba tare da intanet ba a Counter-Strike ka ce ka gano. A wannan yanayin kwamfutarka ce ke yin aikin saba, nauyin ya ƙaru a kanta, sai ka ɗora wa furosesa laifin da ba nata ba.

A ce awo ya nuna furosesa. Har yanzu da saura kafin a je kasuwa, domin sau da yawa lafiyarta ƙalau, shaƙe ta aka yi. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta zama kamar bargo, sai ga zafin Maris da Afrilu ya iske ta a haka. Furosesar Intel ta wannan zamanin in ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Alamar ita ce wasa ya fara lafiya, bayan minti goma ko sha biyar ya soma ja da baya. Ka buɗe manhajar HWiNFO, ka duba layin Thermal Throttling. In ya rubuta Yes, ka samo ɓarawon. Ka cire wuta, ka fitar da akwatin waje, ka hure shi da injin hura iska, amma ka danne fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Sannan a goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya a sa sabo. Kwamfutar da ta fito tun wajajen 2013 ko 2014, in ba a taɓa canza mata man nan ba, ya bushe ya zama kamar alli. A wasa, digiri 60 zuwa 80 ba abin damuwa ba ne.

Sai RAM, ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, wanda a ganina shi ne babban abin zargi a kwamfutarka. Ka ce 8GB, amma ba ka ce sanda ɗaya ba ne ko biyu. Ka buɗe manhajar CPU-Z, shafin Memory, ka duba ko Single ya rubuta ko Dual. Sanda ɗaya na nufin furosesa ta ƙofa ɗaya take ɗibar kaya alhali ƙofa biyu gare ta, kuma wasannin harbi suna jin wannan sosai. Ga shi 8GB ya yi kaɗan yanzu: Windows ya ci nasa, Steam da kake buɗe wasan ta cikinsa ya ci, burauza ta ci, sai wasan ya koma aro a kan faifai. In faifan kuma tsohon mai juyawa ne ba SSD ba, in'inar da za ka gani ba ta da iyaka. Ka nemi sandar DDR3 mai gudun 1600, 8GB, daidai da wadda ke ciki, ka sa su a ramuka biyu masu maƙalli kala ɗaya. Ka samu 16GB da ƙofa biyu a tashi ɗaya.

Yanzu ita i7 ɗin. Mazaunin furosesarka, wato ramin da take zama a kan bod, babban allon kwamfutar, LGA1150 ne, saboda haka i7 da za ta hau bod ɗin ofis irin naka sai ta ƙarni na huɗu, wato zubi na huɗu na Intel: 4770 ko 4790. Kalmar i7 ita kaɗai ba ta nufin komai. Ba girin-girin ba, ta yi mai. i3-12100 ta 2022 ta fi i7-4790 ta 2014 gudu a wasa, kuma ba da kaɗan ba. Mu kwatanta taka da wadda ake son sayar maka. i5-4570 tana da ƙwaya 4, zare 4, tana kaiwa 3.6GHz, ma'ajiyar da ke cikinta (cache) 6MB. i7-4790 tana da ƙwaya 4 ita ma, amma zare 8, tana kaiwa 4.0GHz, ma'ajiyarta 8MB. Duk gidansu ɗaya, duk wat 84 suke ci. Bambancin gudu kusan kashi 11 ne cikin ɗari. Ribar gaske tana cikin ƙarin zaren: FPS ba zai ninka ba, amma faɗuwar nan ta ba-zata idan faɗa ya kaure za ta ragu, musamman in Discord yana buɗe. Wannan shi ne iyakar abin da za ka saya. Kada ka biya ƙarin kuɗi don 4790K, wadda aka yi domin a iya ƙara mata gudu. Bod ɗin kwamfutocin ofis irin su OptiPlex 9020 da EliteDesk 800 G1 ba ya bari a ƙara wa furosesa gudu, ga ta da zafi.

Hukuncina shi ne: in awo ya nuna ƙwayoyinka huɗu duk suna manne da kashi 100, katin hoto yana hutawa, ka riga ka share ƙura, ka sa RAM na biyu, kuma an ba ka i7 ɗin da araha, ko aka karɓi taka ka yi ciko kaɗan, to ka saya. In farashinta ya doshi rabin kuɗin sabon bod da furosesa, ka bar ta. Dalili kuwa, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga ƙarni na takwas na Intel yake farawa. Gidan da ake shirin tashi ba a yi masa sabon daɓe.

PUBG na waya da kake bugawa a kwamfuta lamarinsa daban ne. GameLoop da BlueStacks da LDPlayer kwaikwayon wayar Android suke yi, kuma wannan aiki ne da ke dogara sosai da furosesa. Amma kafin ka zarge ta, ka buɗe Task Manager, shafin Performance, ka duba ko an rubuta Virtualization: Enabled. In Disabled ne, ka shiga BIOS, shafin saitin bod da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka kunna Intel Virtualization Technology. A AMD sunansa SVM. Akwai kwamfutocin ofis da ke zuwa da shi a kashe, kuma kunna shi kaɗai yakan mai da wasan da ke rarrafe ya miƙe. A cikin manhajar kuma kada ka ba ta ƙwayoyinka huɗu duka, ka bar wa Windows abin numfashi.

Mu koma kan layi, tunda a nan gizo ke saƙar. Abu na farko, ka raba kwamfutar da Wi-Fi. Ka haɗa MiFi ɗin da kebul na USB, ko in rauta ce mai rami ka ja wayar Cat5e ko Cat6, wadda ke kaiwa mita 100 ba tare da matsala ba. In dole sai Wi-Fi, ka hau 5GHz in na'urarka tana da shi, domin a gidan haya mai ɗaki ashirin kowa a kan 2.4GHz yake. Ka ɗora MiFi ɗin a taga, ɓangaren da turke yake. Bangon siminti da rufin kwano suna cin sigina. Ka shiga shafin saitinsa ka kulle shi a kan 4G kaɗai, don kada ya riƙa sauka 3G a tsakiyar wasa. Abu na biyu, kada kowa ya hau layin lokacin da kake wasa. Waya ɗaya da ke ɗora hotuna a Google Photos ko tura bidiyo a WhatsApp ta isa ta cika hanyar fita, saƙonnin wasanka su bi dogon layi a bayanta, ping ya tashi daga 140 zuwa 600. Ka sa haɗin a matsayin Metered connection a Windows don ya rage sauke sabuntawa a ɓoye, ka hana Steam sauke kaya yayin wasa. Abu na uku, ka ari layukan abokai na kamfanoni daban-daban ka maimaita awon ping a ɗakinka da ƙarfe tara na dare. Babu kamfanin da ya fi a ko'ina. Wanda ya yi kyau a Hanwa yana iya zama abin tausayi a Kongo ko Tudun Wada, ya danganta da turken da ke kusa da yawan masu hawansa.

Ka kuma duba wace saba ake kai ka. Valve tana da saba a Johannasbag, kuma a taswira Afirka ta Kudu kamar ta fi kusa. Amma saƙo ba taswira yake bi ba, yarjejeniyar kamfanoni yake bi. Wani layin sai ya kai ka Turai tukuna sannan ya gangaro kudu, tafiyar ta ninka. A saitin Counter-Strike akwai inda ake sa iyakar ping da ka yarda da shi, ka rage shi a hankali har ka ga inda ake samun wasa ba tare da dogon jira ba. Manhajojin da ake tallatawa wai suna rage ping ba sa gajarta teku. Hanya kawai suke canzawa, wani lokaci a dace, wani lokaci abin ya ƙara lalacewa, don haka kada ka biya sai ka gwada na kyauta ka auna.

In ka tashi haɗa sabuwa nan gaba, ka fara da mazauni kafin sunan furosesa. A Intel, LGA1155 na ƙarni na biyu da na uku ne, LGA1150 na huɗu da na biyar, LGA1200 na goma da sha ɗaya, LGA1700 na sha biyu zuwa sha huɗu. LGA1151 shi ne mai kama mutane: ƙarni na shida da na bakwai suna hawa bod ɗaya, na takwas da na tara suna hawa wani, ramin iri ɗaya ne, furosesar za ta zauna daidai amma kwamfutar ba za ta tashi ba. A AMD, mazaunin AM4 ya yi tsawon rai. Mai bod ɗin B450 da tsohuwar Ryzen zai iya sabunta BIOS ya ɗora Ryzen 5 5600 mai ƙwaya 6 zare 12, ko 5700X3D mai ma'ajiyar 96MB. A irin wannan ne canza furosesa ke nuna kansa a fili, domin tsalle ne na ƙarni biyu ko uku, ba ƙaura daga ɗaki zuwa ɗaki a gida ɗaya ba. Ka lura, Intel mai harafin F a ƙarshe da Ryzen 5 5600 ba su da sashen hoto a cikinsu, sai da kati.

Masu laftof da ke karanta wannan, ku ma a taƙaice: daga ƙarni na biyar zuwa yau kusan duk furosesar laftof a like take da bod, ba a cire ta. Duk mai harafin U a ƙarshe haka take. Wanda ya ce zai mayar muku da i5 ta koma i7, bod ɗin gaba ɗaya zai canza. Abin da ya fi yawan kashe muku gudu shi ne wasa a kan batir, da cajar da ba ta asali ba. Laftof ɗin Dell da HP suna tantance caja ta siririn tsinken da ke tsakiyar bakinta. In ba su gane ta ba, ko ƙarfinta bai kai ba, sukan danne furosesa ta koma tafiyar hawainiya. Ku duba gudun a Task Manager; in ya maƙale ƙasa da 1GHz alhali wasa yana buɗe, ku ari caja ta asali ku gwada.

In ka yanke shawarar sayen i7-4790 ɗin, ko a Sabon Gari ko a PZ ko aike aka yi maka daga Kano, kada ka biya sai an ɗora ta a bod an kunna a gabanka. Rubutun da ke kan murfi ana iya goge shi a buga wani. CPU-Z ne zai faɗi sunanta na gaskiya, ka ga ƙwaya 4 zare 8. Ka juya ta ka duba ɗigon zinaren da ke ƙasa, kada a samu ƙuna ko ƙananan ƙwayoyin tsakiya da suka ɓalle. Wadda aka rubuta wa Intel Confidential ta gwaji ce, ka bar musu kayansu. Ka sa a ba ta aiki mai nauyi na minti goma kana kallon zafinta.

Wajen sawa, ka fara sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar tana ciki, saboda 4790 ta fito ne bayan an ƙera da yawa daga cikin waɗannan bod ɗin, tsohon BIOS ba lallai ya gane ta ba. Kada ka kuskura ka yi wannan a kan wutar da za a iya ɗaukewa ko janareton da ke tari. Sai da UPS ko inbata mai cikakken caji. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta BIOS, an yi gyaran gangar Auzinawa, bod ɗin na iya mutuwa. In BitLocker, makullin faifai na Windows, yana kunne, ka dakatar da shi tukuna, in ba haka ba zai iya neman mabuɗin da ba ka ajiye ba. Sannan ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa na sakan goma. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke tara lantarki a jiki. Ka kwance sukurori huɗu na ƙarfen sanyaya a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ka ɗaga hannun mazaunin, ka ɗauke tsohuwar a miƙe. Allurai 1,150 ne a cikin ramin nan, siraran gaske, in ɗaya ta lanƙwashe za ka iya rasa ramin RAM ko bod ɗin duka, don haka kada yatsa ko tsumma ya kusance su. Ka daidaita ɗan alwatikan zinaren da ke kusurwar sabuwar da alamar da ke kan mazaunin, ka ajiye ta a hankali. Da kanta take zama, ba a dannawa. Ka goge ƙasan ƙarfen sanyaya da sifirit har ya yi ƙyalli, ka ɗiga sabon mai kamar ƙaramar ƙwayar wake a tsakiyar furosesar, ka mayar da sukurori a gicciye, ka tabbata ka mayar da wayar fanka a raminta.

Kunnawar farko takan ɗan jima allo yana baƙi, wani lokacin ma ta kashe kanta ta sake tashi. Ka ba ta minti ɗaya ko biyu. In fanka tana ta ihu babu hoto, ka kashe, ka zare RAM ka sake zaunar da shi, ka cire ƙaramin batirin bod na minti biyar ka mayar. In har yanzu shiru, ka mayar da tsohuwar i5 ɗin ka duba lambar BIOS da ke kai, saboda haka kada ka bari mai shago ya riƙe ta sai sabuwar ta tashi a kwamfutarka.